Yadda ake dubawa da gyaran tsofaffin gidajen jere na Ingila da ke cikin rajistar tarihi

Duk wanda ya taka titunan Landan, Bath ko Libaful ya ga irin gidajen nan: a jere suke kafaɗa da kafaɗa, bango ɗaya ne tsakanin kowane gida da maƙwabcinsa, fuskarsu iri ɗaya tun daga farkon layi har ƙarshensa. Mafi shahara shi ne Royal Crescent na birnin Bath, gidaje 30 da John Wood ƙarami ya fara ginawa a 1767, amma akwai dubbai da ba su kai shi suna ba, kuma mutane na zaune a cikinsu, suna saye suna sayarwa. Wanda zai sayi irin wannan gida, ko aka ba shi aikin gyaransa, dole ya riƙe abu biyu. Gidan ba shi kaɗai yake tsaye ba, yanki ne na gini guda mai tsawo. Sannan an gina shi ne yadda zai sha danshi ya sake fitar da shi, don haka yawancin ɓarnar da ake gani yau daga gyaran siminti da roba ta fito, ba daga tsufa ba.

Fara da takarda kafin ka taɓa bango

A Ingila hukumar Historic England ce ke riƙe da rajistar gine-ginen tarihi da doka ta kare, kuma kowa na iya bincika ta a intanet da adireshin gida, kyauta. Matakai uku ne, daga mafi daraja zuwa ƙasa: I, II* da II. Sama da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen rajistar suna mataki na II, kuma nan ne yawancin gidajen jere suke. Kusan duk ginin da ya girmi 1700 kuma bai canza kama sosai ba yana ciki, haka ma mafi yawan waɗanda aka gina tsakanin 1700 da 1850. Sau da yawa lamba ɗaya ce ta haɗa layin gaba ɗaya, saboda haka idan ba ka ga gidanka shi kaɗai ba, nemi sunan layin.

Kuskuren da ya fi jefa masu saye cikin wahala shi ne zaton fuskar gida kawai doka ta kare. Dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta kare ginin duka, ciki da waje: matakala, murhu, ƙofofi, adon silin, har da katangar bayan gida da ɗakunan da ke harabar tun kafin 1 ga Yuli 1948. Bayanin da ke cikin rajista don gane ginin aka rubuta shi, rashin ambaton wani abu ba ya nufin an sake maka shi. Canza wani sashe ba da izini ba laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyu, ko tarar da ba a ƙayyade iyakarta ba. Kuma laifin ba ya tsufa: idan mai gidan da ya gabata ya cire tagogin katako ya sa na roba shekara ashirin da suka wuce, hukuma na iya tilasta wa wanda ke riƙe da gidan yau ya mayar da su da kuɗinsa. Don haka kafin ka sa hannu, lauyanka ya karɓo duk takardun izinin da aka taɓa bayarwa, kai kuma ka zaga gidan da su a hannu, kana gwada abin da ke rubuce da abin da idonka ke gani. Safiyon da za ka ɗauka ya zama wanda ya saba da tsofaffin gine-gine, ya yi cikakken bincike irin wanda safiyoyi ke kira mataki na 3, wato mafi zurfi. Inshora kuma a yi ta kan kuɗin sake gina gidan da irin kayansa na asali, wanda sau da yawa ya zarce farashin kasuwa.

Karanta gidan daga titi

Fuskar gidan Landan na faɗin shekarunta ga wanda ya san dokokin gobara. Bayan babbar gobarar 1666 aka tilasta gini da jan bulo ko dutse. Dokar 1707 ta hana katakon ado a bakin rufi, shi ya sa bango ke zarce rufin ya zama rawani. Ta 1709 ta ce a shigar da taga ciki inci huɗu daga fuskar bango. Ta 1774 ta ce a ɓoye akwatin tagar gaba ɗaya a bayan bulo, ta kuma kasa gidaje daraja-daraja bisa girma da ƙima. Idan ka ga taga daidai da fuskar bango, da faffaɗan katako kewaye da ita, tana nuna farkon ƙarni na 18 ne, ko kuma garin da dokar Landan ba ta shafa ba. Idan katakon siriri ne ya shige ciki, ƙarshen ƙarnin ne ko bayansa.

Tsarin ciki kusan ɗaya ne ko'ina. Kicin yana ƙarƙashin ƙasa, da rami a gaba mai shingen ƙarfe don haske ya shiga, da rumbun kwal a ƙarƙashin hanyar masu tafiya a ƙafa. Kowane hawa ɗaki biyu ne, gaba da baya, matakala a gefe ɗaya. Hawa na farko a sama shi ne na karɓar baƙi, tagoginsa suka fi tsawo, daga nan suna raguwa har zuwa ɗakunan barori a can ƙoli. Wannan tsari kansa yana cikin abin da jami'in kula da gine-ginen tarihi zai kare, kuma shi ya sa neman haɗe ɗakin gaba da na baya ke shan wuya.

Akwai dalilin injiniya ma. Bangon da ya raba ɗakunan biyu sau da yawa katako ne da filasta, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar fanko, amma a yawancin gidajen shi ke ɗauke da katakan daɓen bene, waɗanda ke tafiya daga gaba zuwa baya su sauka a kansa. A wasu gidajen har nauyin rufi yana bi ta kansa. Wanda ya fasa shi don ya ji ba bulo ba ne, zai ga daɓen sama ya lotsa, ƙofofi sun daina rufuwa.

Rufi tukuna

Da rufi ake fara gyara, domin duk kuɗin da aka kashe a ƙasa alhali sama na yoyo, zuba ruwa ne a rariya. Yawancin gidajen jere na Landan suna da rufi mai siffar V a ɓoye bayan rawani: ɓangarori biyu suna gangarowa tsakiya, magudana guda ta bi tsakiyar daga gaba zuwa baya. Daga titi ba a ganin komai. Ganye, mataccen tantabara ko ƙwallon yara ɗaya ya isa ya toshe bakin magudanar, ruwa ya taru ya haura darmar da aka shimfiɗa a cikin magudanar, ya sauka kai tsaye kan babban katakon da ke ɗauke da rufin. A share ta sau biyu a shekara, ƙarshen kaka bayan ganye ya gama zuba da kuma farkon bazara, a kuma sa wata ƙaramar mafita sama da bakin, inda za a ga ruwa na zuba daga ƙasa idan ta toshe.

Darmar magudana tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, shi ya sa ake shimfiɗa ta gunduwa-gunduwa kamar matakala. Ana ba darma lamba bisa kaurinta: mai lamba 5, wadda kaurinta ya ɗan haura milimita 2, kada tsawon gunduwa ya wuce mita 2. Mai lamba 4 kada ya wuce mita 1.5. Gangaren ya kai aƙalla 1 cikin 80. Idan aka shimfiɗa doguwa guda don sauri, za ta yamutse ta tsage cikin 'yan shekaru. Shafa kwalta a kan tsagar ba magani ba ne, ɓoye ta kawai yake yi.

Falalen dutsen rufi na Wales yana iya haura shekara ɗari, ƙusoshin ƙarfensa ne ke riga shi mutuwa. Idan 'yan kaɗan suka zame, a maƙale su da siririn jan ƙarfe. Idan zamewar ta zama ta ko'ina, a kwance rufin, a ƙwanƙwasa kowane falale: mai ƙara garau a mayar da shi da ƙusar jan ƙarfe, mai dusasshiyar ƙara a ajiye. Kada a musanya da tayil na kankare, nauyinsa ya fi ƙarfin katakon, rufi zai lotsa ya tura bango waje. Idan ka shiga saman silin, duba ko bangon da ke tsakaninka da maƙwabci ya kai har ƙarƙashin rufi. A wasu tsofaffin layuka babu shi, sarari ɗaya ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma ta nan wuta ke bi.

Bango da kwaɓin laim

Bangon ba shi da rami a tsakiya irin na ginin zamani. Bulo ne zalla, kauri inci 9 a sama, inci 13 da rabi ko fiye a ƙasa, an ɗaure shi da kwaɓin laim, wato ƙonannen farin dutse da aka jiƙa aka haɗa da yashi. Laim ya fi bulo taushi, kuma haka ake so. Ruwan sama ya shiga bango, iska ta busa, ya fita ta layukan kwaɓin. Gini ya ɗan motsa, kwaɓin ya bi shi ba tare da bulo ya fashe ba. Wanda ya taɓa ganin katangar tubali da aka shafe da siminti a Kano ko Zinder, yadda shafen ke ɓamɓarowa da ƙasar bayansa a jiƙe, ya riga ya san abin da ke faruwa a nan. Siminti ya toshe layukan, ruwa ya koma fita ta jikin bulo, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓalle. Za ka ga layin siminti tsaye ƙyam, bulon da ke kewaye da shi ya rarake.

Ba kowane layi ne ke son gyara ba. Idan sai da ƙarfi ake kankare kwaɓi, a bar shi. Inda ya zaizaye, ga yadda ake yi. A kankare da ƙarfen hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, wajen milimita 20 zuwa 25 a layi na yau da kullum, ƙarshen ramin ya zama a miƙe ba mai tsini ba. Injin yanka yana cin gefen bulo ya faɗaɗa layin har abada, kuma a gidajen da layinsu bai wuce milimita uku ko huɗu ba, minti ɗaya ya isa ya ɓata fuskar da ta shekara ɗari biyu. A share ƙura, a jiƙa bangon har ya daina zuƙe ruwa nan take. Ma'aunin da aka saba shi ne laim 1, yashi mai kaifi 2 da rabi zuwa 3. Idan laim mai kama da kindirmo ne, ya kwana aƙalla wata uku a jiƙe. Idan na buhu ne mai daskarewa da ruwa, NHL 2 ya dace da bulo mai taushi, NHL 3.5 sai wurin da ruwa ke duka sosai kamar bututun hayaƙi. Kwaɓin ya yi tauri-tauri, ya tsaya a cokali, a danna shi cikin layi da siririn ƙarfe, a fara daga saman bango. Idan ya kai yadda babban yatsa ba ya lotsa shi amma farce na shiga, a bubbuga shi da buroshi mai tauri, ya ɗan shige bayan gefen bulo, ƙwayar yashi ta fito.

Laim ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, iskar kabon yake sha a hankali, kuma sai da ɗan danshi. A rataya jiƙaƙƙen buhun rama a gabansa na kwanaki, a riƙa yayyafa ruwa. Kada a yi aikin idan sanyi zai sauka ƙasa da digiri 5, shi ya sa daga ƙarshen bazara zuwa farkon kaka ne lokacinsa. Launi daga yashi yake fitowa, don haka a yi gwaji a fili kamar mita ɗaya, a bar shi ya bushe, jami'i ya gani kafin a ci gaba. Haka dokar take ga gidajen da aka shafe da farin shafe irin na John Nash a gefen Regent's Park: faci da irin kayan asali, fenti kuma mai barin danshi ya fita.

Bangon gaba ya kan yi ciki. Magina na wancan zamani, musamman masu gini don sayarwa, sukan jera bulo mai tsada a fuska da mai araha a baya, su karya bulon da ya kamata ya ɗaure biyun don tsimi. Wasu kuma sun binne dogayen katakai cikin bango, da suka ruɓe bangon ya sunkuya. Ba lallai a rushe ba. Injiniya na iya ɗaure shi da sandunan ƙarfe marar tsatsa zuwa katakan daɓe. Tsaga kuwa, wadda ba ta kai milimita 5 ba galibi ba ta gaggawa ba ce. Harsashin gidajen bai da zurfi, laka ta Landan tana tsukewa da rani ta kumbura da damuna, don haka a manna ma'auni a kan tsagar a bi ta shekara guda kafin a yarda da maganar tona ƙarƙashin gida. Ƙarfafa harsashin gida ɗaya a tsakiyar layi na iya sa tsagar ta koma gidan maƙwabci.

Danshi

Mai kamfanin maganin danshi zai zo da 'yar na'ura ya dangwala a bango, ta yi ƙara, ya ce ruwa na hawa daga ƙasa, a yi wa bango allura a shafe mita ɗaya da siminti. Na'urar don katako aka auna ta, gishirin da ke cikin tsohon filasta ma yana sa ta ƙara. Shafen kuma tura danshin yake yi sama da inda ya tsaya. A nemi mafarin ruwan. Ka fita lokacin da ake tsuga ruwa ka kalli bututun da ke saukar da shi, musamman bayansa, inda ƙarfen ke tsagewa ba a gani. Duba ƙasar waje: ya kamata ta kasance aƙalla milimita 150 ƙasa da daɓen ciki, amma shekaru na zuba kankare da ƙasar fulawa sun ɗaga ta. Duba ramukan iska da ke gindin bango, su ne ke busar da ƙarƙashin daɓen katako, kuma sau da yawa an toshe su don maganin sanyi. Murhun da aka rufe yana bukatar 'yar kafar iska a ƙasa da hula mai barin iska a sama, in ba haka ba tabo mai ruwan ƙasa zai fito a bangon bene. Cire jikin murhu a hawan ƙasa a bar tulin bulo a sama ba madogara, wannan haɗari ne ga rai.

Katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 shi ne abincin ruɓa. Mafi muni ita ce mai farin zare kamar auduga, mai warin naman kaza, mai fasa katako murabba'i-murabba'i. Zarenta na ratsa bulo ya shiga gidan maƙwabci. A tsayar da ruwan, a buɗe wurin ya sha iska, a yanke abin da ya mutu kawai a yi masa ƙari. Masu jan waya da famfo su ma suna kashe daɓe: yanka a saman katako kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zurfinsa, huda kuma a tsakiya, kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu.

Tagogi masu hawa da sauka

Katakon tsofaffin tagogin nan itacen da ya girma a hankali ne daga ƙasashen Baltik, ya fi na kasuwar yau ƙarko, kuma galibi gindin kawai ke ruɓa. Kafinta ya yanke wurin ya dasa sabo. Canza igiyar da ke haɗa taga da ƙarfen nauyin da ke ɓoye cikin akwatinta aikin yini ɗaya ne: a ɓamɓare siririn katakon ciki daga tsakiyarsa, a fito da ɓangaren ƙasa, a zare katakon da ya raba ɓangarorin biyu, a fito da na sama, a buɗe 'yar ƙofar da ke jikin akwati a ciro ƙarfen nauyi, a zura sabuwar igiyar auduga mai kakin zuma ta kan 'yar tayar. A canza duka huɗun lokaci guda. Nauyin ɓangaren sama ya ɗan fi tagar don ta zauna a rufe, na ƙasa ya ɗan gaza. Tsohon gilashi mai ɗan lanƙwasa da ƙyalli kamar ruwa ba a samun irinsa cikin sauƙi, a lallaɓa shi. Fenti ya hau gilashi da milimita 2 don ya rufe bakin foti, wato kwaɓin da ke riƙe gilashi, a kuma share ramin da ke ƙarƙashin dakalin taga, wanda ke sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Tsohon fenti yana da darma, a goge shi a jiƙe, ba da wuta ba. Maganin sanyi shi ne siririn buroshi a gefuna, da taga ta biyu daga ciki, da rufe ƙyauren katako na asali da dare.

Izini da maƙwabta

Ƙaramin gyara da irin kayan da aka tarar galibi ba ya bukatar izini, amma sake layukan fuska gaba ɗaya, wanke bulo, canza taga, huda bango don bututu ko cire silin na asali duk suna iya bukata. A rubuta wa jami'in ƙaramar hukuma tun kafin a zana komai. Neman izinin kansa kyauta ne, ana sa ran amsa cikin mako 8, kuma yana aiki shekara uku. A haɗa zanen yadda gidan yake da yadda zai koma, hotuna, da bayanin abin da ke da daraja a ginin da yadda aikin zai shafe shi. Ƙungiyoyin kare tsofaffin gine-gine, wato SPAB, wadda William Morris ya kafa a 1877, da Georgian Group da Victorian Society, suna ba da shawara.

Wannan izini daban yake da haƙƙin maƙwabci. Dokar bangon tarayya ta 1996 ta ce a ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin a taɓa bangon da ke tsakani, wata ɗaya kafin a yi tono cikin mita 3 da gininsa idan tonon zai zarce zurfin harsashinsa. Idan bai amsa cikin kwana 14 ba, doka ta ɗauka an sami saɓani, sai a naɗa safiyo, kuma mai aikin ne yawanci ke biya. Kafin a ɗaga guduma, a ɗauki hoton kowane bango da silin na gidan maƙwabcin, da kwanan wata a jiki, kowa ya riƙe kwafi.